Asibitin ƙauyenku ba magani? Ku karanta kafin ku sake tambaya

Wa ke da alhakin asibitin sha-ka-tafi?

Ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Ku daina ɗora wa Abuja komai.

To ina kuɗin BHCPF, asusun tarayya na kula da lafiya matakin farko, da ake ta faɗa a rediyo?

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Kuma ba kowace cibiya ake ba ba, da farko ma cibiya ɗaya aka zaɓa a kowace mazaɓa. In ba taku aka zaɓa ba, ko kwabo ba za ku gani daga asusun nan ba.

Me ya sa da dare a rufe yake?

Ma'aikata biyu, ba ɗakin kwana, ba wuta. Kai za ka kwana?

An ce kuɗi sun shigo, amma kemis ake tura mu. Sata ce?

Ta yiwu, amma kar ku yi saurin yanke hukunci. Kuɗin wata uku-uku ake turawa asusun bankin asibitin, kuma ba sa fita sai shugaban asibiti da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa sun sa hannu. Sai an kawo rasit na zangon baya kafin a saki na gaba, don haka sakacin takarda kaɗai kan tsayar da komai watanni. An yi shekaru abin da ake turawa bai fi naira dubu 300 da 'yan kai ba, a ciki za a sayi magani, a gyara rufi, a sayi ruwa, a zuba wa babur mai don zagayen rigakafi.

Sannan akwai jarin magani, wanda ake sayarwa da 'yar riba a sake sarowa. Bashi ke kashe shi: wannan ɗan'uwan mai gari ne, wancan surukin kansila. Wani maganin kuma lokacinsa ya wuce a kan kanta saboda an saro abin da ba a buƙata.

Abin yi shi ne kwamitin mazaɓa ya nemi takardar banki da kundin shige da ficen magani, ya ƙirga maganin da ke kan kanta. In kundi ya ce kwali 10 aka tarar da 2, to a nan akwai magana. A bincika kuma ko kemis ɗin na waye. Ban ce kowa ba, amma ana samu.

Mu je wajen ɗan majalisa?

Zai gina ɗaki ya shafa fenti, ba ungozoma. Ku rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi.