Wai waye "magnat de la presse"?

Jiya da daddare muna zaune a majalisa nan Garwa sai ƙanena ya ji an faɗi "magnat de la presse" a RFI, ya ce yaya wai me ake nufi da shi ne? Toh, hamshaƙin attajiri ne da ya tara jaridu a hannunsa, wani har da rediyo da talabijin, ya yi ƙarfin da 'yan siyasa ma sai sun lallaɓa shi. Turawan Ingila "press baron" suke cewa, shi baron ɗin sarauta ce a wajensu, kuma da gaske an naɗa wasu, kamar Northcliffe wanda ya kafa Daily Mail a 1896.

Wanda duniya ta fi sani dai Rupert Murdoch ne, haifaffen Ostiraliya, ya sayi jaridun Ingila The Sun a 1969, The Times a 1981, ya buɗe Fox News a Amurka a 1996.

Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai Vincent Bolloré ne na Faransa, saboda mu nan ba baƙonmu ba ne. Jirgin Camrail da muke shiga daga Ngaoundéré zuwa Yawunde ai yana ƙarƙashin kamfaninsa kafin ya sayar wa kamfanin jiragen ruwa MSC harkarsa ta sufuri a Afirka a 2022, Canal+ ɗin da muke kallon ƙwallo ma danginsa ne ke da kaso mafi tsoka, ga talabijin CNews ga rediyo Europe 1 a can Faransa. Kun ga mutumin da ya taɓa riƙe jirgin ƙasa da harkar tashar ruwa ba kuɗin sayar da jarida yake jira ba, murya yake saye, kuma wallahi abin da ke damuna kenan, domin ba sai ya ce a rubuta ƙarya ba, ya isa kawai edita ya san labarin da maigida ba ya son gani, sai a binne shi shiru, mu masu sauraro ba za mu ma san an yi ba.

A 2023 ma'aikatan jaridar Journal du Dimanche ta Faransa sun yi yajin aiki kwana 40 kan sabon editan da aka ɗora musu lokacin da jaridar ke komawa hannun su Bolloré. Editan ya zauna daram, su ne da yawansu suka tattara nasu ya nasu suka bar aikin.