Bin sawun jirage da motoci a filin jirgin sama

Bin sawu kai-tsaye tsari ne na na'urori da ke nuna inda kowane jirgi, mota ko kayan aiki yake a cikin filin jirgin sama, a daidai lokacin da yake wurin, a kan taswirar da ma'aikatan hasumiya da masu kula da aikin ƙasa ke kallo. Amfaninsa na farko shi ne hana karo, musamman a kan titin tashi da sauka.

Asalin buƙatarsa

Matafiya sun fi fargaba idan jirgi yana sama, amma hatsarin da ya fi kowanne cin rayuka a tarihin sufurin jirage a ƙasa ya auku. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanonin KLM da Pan Am, suka yi karo a kan titi guda a tsibirin Tenerife na Sifaniya, mutum 583 suka rasu. Hazo ya rufe filin, kuma babu rada mai duba ƙasa, don haka mutanen hasumiya da kunne kawai suke aiki. Kusan haka aka sake yi a filin Linate na birnin Milan a 2001, inda aka rasa mutum 118.

Motoci ma suna cikin lissafi. A Oktoban 2014 wani ƙaramin jirgi ya daki motar share ƙanƙara yana shirin tashi daga Mosko, shugaban kamfanin mai na Total, Christophe de Margerie, ya mutu tare da ma'aikatan jirgin uku. A Nuwamban 2022 kuma jirgin kamfanin LATAM ya daki motar kashe gobara a Lima ta ƙasar Peru.

Yadda yake aiki

Hanyoyi da dama ake haɗawa, domin kowace tana da inda take gazawa. Rada mai duba ƙasa tana ganin duk wani abu mai girma ko da bai ɗauke da na'ura ba, sai dai ba ta sanin sunansa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana dame mata hoto. Jirage kuwa suna ɗauke da na'urar ADS-B, wadda ke karɓar matsayinta daga taurarin ɗan'adam tana shelanta shi tare da lambar jirgin. Irinta ƙarama ake ɗaura wa motocin da ke shiga titi, kamar ta kashe gobara da ta masu duba kwalta. Hanya ta uku ita ce a kafa eriya da yawa a kewayen fili: saƙon na'ura yana isa kowace eriya a lokaci daban, daga wannan ɗan bambancin ne kwamfuta ke gano wurin. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tana kiran tsarin da ya haɗa waɗannan duka A-SMGCS.

A farfajiyar da jirage ke tsayawa abin ya fi cunkushewa. Jirgi ɗaya kan samu tankar mai, motar abinci, matakala, motar da ke tura shi baya da jerin amalanken kaya duk a jikinsa lokaci guda, kowa yana sauri. Nan ake amfani da GPS da ƙananan alamomin rediyo da ake liƙa wa kaya. Ana zana iyaka a taswirar kwamfuta, wadda ido ba ya gani a ƙasa. Direba yana tsallake ta ba da izini ba, ƙararrawa za ta yi kuka a motarsa da kuma ɗakin sa ido. Wannan ne ɓangaren da ya fi daraja, domin gargaɗin yana isa ga mai riƙe da sitiyari ba tare da ya jira kiran rediyo ba. Haka nan ana ganin wanda ya wuce gudun da aka ƙayyade.

A Legas

Filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, wanda aka buɗe babbar tasharsa ta ƙasa da ƙasa a 1979, yana da titi biyu, 18R da 18L. Mazauna Agege sun san shi da ƙarar jiragen da ke wucewa ta kan rufinsu, maniyyata da 'yan kasuwa kuma sun san shi ta ciki. Aikin ƙasa a nan hannu da yawa ne: hukumar FAAN ce mai fili, hukumar NAMA ce ke da hasumiya, hukumar NCAA ke kafa ƙa'ida, kamfanoni irin su NAHCO da SAHCO ke ɗora kaya da tura jirage. Inda hannaye suka yi yawa haka, taswira guda da kowa ke gani tana rage dogaro da "na ɗauka ka ji". Yanayi ma yana ƙara buƙatar, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ruwan damina mai rufe ido.

Iyakokinsa

Tsarin yana son wutar lantarki da ba ta yankewa da gyara a kan kari, kuma na'urar da batirinta ya mutu ta fi rashinta haɗari, tunda mai kallon allo zai ɗauka hanya a buɗe take. Saƙon GPS yakan karkace kusa da manyan gine-gine da rumfunan gyaran jirage. Ƙararrawar da ta cika kuka ba dalili kuwa, ma'aikata kan saba da ita har su daina kulawa. Wasu direbobi suna kallon abin a matsayin leƙen asirin shugabanni, kuma suna da hujja idan ba a fayyace musu wanda ke riƙe da bayanan da abin da za a yi da su ba.

Sannan alamar rediyo ba ta nuna wanda bai ɗauke ta ba. A Yulin 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu yana sauka a Fatakwal, a Yulin 2019 kuma wani mutum ya kutsa filin Legas har ya hau jikin jirgin da ke jiran izinin tashi. Irin waɗannan sai katanga mai kyau, kyamarori masu gani da dare, da masu sintiri.