Waiwaye: Yadda Aka Yi Ta Rage Lambar Dalma a Jinin Yara

A shekarun 1960, likitoci a Amurka ba sa tayar da hankali sai dalma ta kai mikrogiram 60 a desilita ɗaya ta jinin yaro, wato kashi ɗaya bisa goma na lita. Alama ake jira a gani, irin su ciwon ciki da amai da jijjiga. Yaron da ke guje-gujensa a tsakar gida kuwa, lafiya lau ake ɗaukarsa.

A 1979 wani likitan yara ɗan Amurka, Herbert Needleman, ya fitar da binciken da ya yi a kan haƙoran da 'yan firamare suka famfare. Ya gano cewa yaran da dalma ta fi yawa a haƙoransu sun fi raunin fahimta da natsuwa a aji, alhali ba wanda ya kwanta ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi ta rage lambar: 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, sai 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babu wani adadi da aka san ba ya cutarwa.

Mu a nan, Zamfara ce ta koya mana wannan lamba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, inda ake daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma da niƙa shi cikin gida. Ƙura ta bi ƙasa da kwanukan abinci, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar gwajin da aka shiga da ita ƙauyukan ba ta wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. Daga 45 ake fara ba da maganin fitar da dalma.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, jini labarin 'yan makonnin baya ya fi bayarwa. Cikin wata guda dalmar jini na iya raguwa da kusan rabi, amma wadda ta shige ƙashi takan shekara da shekaru a can. Jinin ɗan yatsa ma, in ba a wanke hannun yaro sosai ba, ƙurar fata na iya haurar da lambar, shi ya sa ake tabbatarwa da jinin jijiya.

Kuma magani ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba. Wannan ne ya sa yaran garin Bagega da ke Anka suka yi ta jira har 2013, lokacin da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, kafin a fara yi musu magani. Jiran nan yana ci mini rai har yau. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.