Ciwon Dajin Huhu: Tambayoyin da Majinyaci da Masu Jinyarsa Ke Yawan Yi

A shekarar 2022 kaɗai an gano mutum kusan miliyan 2.5 ɗauke da ciwon dajin huhu a duniya, kuma kimanin miliyan 1.8 suka rasu sanadiyyarsa, bisa ƙiyasin IARC, cibiyar binciken ciwon daji, wato kansa, ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Babu kansar da ta kai shi kisa. Duk da haka, yawancin mutane ba sa sanin komai a kansa sai ranar da likita ya riƙe hoton ƙirjin wani nasu ya yi shiru.

Mene ne ainihin ciwon?

Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanyoyin iska na huhu ne suke lalacewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su zama ƙari. Ƙarin yana iya toshe hanyar iska, ya ratsa zuwa kaluluwar ƙirji, ko ya bi jini ya sauka a ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Likitoci sun raba shi gida biyu bisa yadda ƙwayoyin suke a ƙarƙashin madubin likita. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wanda yake kusan kashi 15 cikin 100, mai saurin yaɗuwa, kuma kusan duk masu shi mashaya taba ne. Ragowar kusan kashi 85 su ne waɗanda ƙwayoyinsu ba ƙanana ba, sun fi tafiya a hankali. Maganin wannan daban, na wancan daban, shi ya sa tambayar farko da ya kamata iyali su yi wa likita ita ce: wane iri ne?

Sai mai shan taba ne yake kamuwa?

A'a, amma taba ce uwa uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora mata alhakin kusan kashi 85 cikin 100 na masu ciwon. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa. Tun 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna wannan alaƙa. Shisha ma taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya wanke gubar. Wanda kuwa bai sha ba amma yake zaune da mai sha, haɗarinsa yana ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Sai sauran dalilai: radon, wata iska marar launi marar wari da ke tasowa daga ƙasa ta taru a ɗakin da ba ya samun iska, ƙurar asbestos (wani ma'adini da ake sakawa a kayan gini) a wurin aiki, hayaƙin dizal, hayaƙin kwal a cikin gida, da gurɓatacciyar iskar birane, wadda IARC ta saka cikin jerin masu haddasa kansa a 2013. Akwai kuma waɗanda ba a gano musu dalili ko ɗaya.

A nan zan ɗan tsaya. Da zarar an ji wani yana da wannan ciwo, abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne, "Yana shan taba ne?" Likita yana da hujjar yin wannan tambaya, ɗan dubiya ba shi da ita. Amsar ba ta ƙara wa majinyaci komai sai kunya, kuma kunyar nan ce take sa wasu su zauna da tari wata da watanni ba su je asibiti ba, don gudun a ce su suka jawo wa kansu.

Me ya sa ba a cika gano shi da wuri ba?

Naman huhu kansa ba ya jin zafi, don haka ƙari zai iya girma a ciki mutum yana harkokinsa lafiya lau. Alamomin da ke biyo baya kuma sun yi kama da na cututtukan yau da kullum: tarin da ya wuce mako 3 bai lafa ba, tsohon tari da ya sauya salo, kaki mai jini, haki, ciwon ƙirji ko kafaɗa, dushewar murya, rama ba dalili, ko ciwon ƙirji mai zazzaɓi da yake tafiya ya dawo. Wasu ma kan yatsunsu ne ke kumbura, farce ya lanƙwashe. Jini a kaki, ko ɗigo ɗaya ne, ya isa dalilin ganin likita.

Wasu ƙasashe suna yi wa masu haɗari sosai hoton siti sikan (hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla) mai ƙaramin ƙarfi duk shekara tun ba su da wata alama. A Amurka shawarar 2021 ta shafi masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha abin da ya kai kwalin sigari ɗaya kullum na shekara 20, ko suna sha har yanzu ko sun daina bai wuce shekara 15 ba. Wani babban bincike da aka fitar a can a 2011 ya nuna wannan hoto ya rage mace-macen ciwon da kusan kashi 20 cikin 100.

Yaya ake bambanta shi da tarin fuka?

Da ido ba a iyawa, ko a hoton ƙirji ma sukan rikita likita. Tari, jini, rama, duk suna cikin biyun. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana gano ta a gwajin kaki, kuma magani na wata 6 yana warkar da shi. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗora mutum a kan maganin tarin fuka ba tare da an ga ƙwayar ba, ya yi ta haɗiyar magani yana ƙara ramewa. Idan gwajin kaki bai nuna komai ba, kuma an kwana biyu ana shan magani babu sauƙi, a koma wurin likita a tambaye shi ƙarara ko akwai buƙatar siti sikan. Mutum ɗaya ma yana iya samun duka biyun.

Likita ya ce sai an ɗebi tsoka. Wannan ba zai tayar da ciwon ba?

Tsoron nan ya yaɗu sosai, kuma ya ja wa mutane asarar lokaci. Hoto yana nuna akwai ƙari ne kawai, ba ya faɗin ko kansa ce. Sai an gutsuro ɗan nama, ta siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki, ko da allura ta bangon ƙirji, an kai ɗakin gwaji. Haɗarin da aka fi gani shi ne ɗan zubar jini ko iska ta taru a gefen huhu, kuma ana iya magance su. Ba tare da wannan gwaji ba, duk maganin da za a bayar lalube ne a cikin duhu.

Ana warkewa?

Likitoci suna kasa yaɗuwar ciwon mataki huɗu. Ana warkewa, musamman idan an kama shi a mataki na 1 ko na 2, ƙarin bai bar inda ya tsiro ba. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, likitan tiyata yakan cire kashin da ƙarin yake ciki mutum ya ci gaba da rayuwa da ragowar. A mataki na 3 akan haɗa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. A mataki na 4, inda ciwon ya kai wasu sassan jiki, manufar magani yawanci ita ce a danne shi, a tsawaita rayuwa, a rage wahala.

Sai dai mataki na 4 na yau ba irin na shekara 20 da suka wuce ba ne. A 2004 aka gano cewa wasu ƙarin suna ɗauke da sauyi a ƙwayar gado mai suna EGFR, a 2007 aka gano irinsa a wata mai suna ALK, kuma an fi samun su a jikin waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Masu irin wannan sauyi akwai ƙwayoyin haɗiya da aka ƙera musamman dominsu. Daga 2015 kuma aka fara amfani da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Suna da tsada ƙwarai, ba kuma kowa suke yi wa aiki ba, amma ya dace a tambaya ko za a iya gwada naman da aka ɗiba don a san ko majinyaci ya dace da su.

Ana ɗaukarsa daga majinyaci?

Ko kaɗan. A ci abinci tare, a zauna kusa da shi, a riƙe hannunsa.

Tunda an riga an kamu, daina taba yana da sauran amfani?

Sosai ma. Wanda ya daina ya fi jure tiyata da kemo, rauninsa ya fi saurin warkewa, numfashinsa ya fi sauƙi. Ga mai lafiya kuwa, shekara 10 bayan dainawa haɗarinsa yana sauka zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha.

An tura mu sashen rage raɗaɗi. An cire rai ke nan?

Ba haka ba ne. Aikin wannan sashe shi ne ciwo, haki, rashin barci, rashin cin abinci da damuwa, kuma ana yin sa tare da maganin kansar. Wani bincike da aka buga a 2010 daga wani asibiti a Boston ya nuna masu ciwon da ya yaɗu waɗanda aka fara ba wannan kulawa da wuri sun fi jin daɗin jikinsu, har sun fi sauran daɗewa: wata 11.6, sauran kuma wata 8.9.

Mofin, maganin ciwo mai ƙarfi wanda iyalai da yawa ke gudu, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan likita ne ya tsara awonsa, yana rage ciwo da sarƙewar numfashi. Akwai kuma ƙananan dabaru: majinyaci ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, hannuwansa a kan matashi, a kunna ƙaramar fanka tana kaɗa masa iska a fuska, ya riƙa fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. Da yawa hakinsu yana lafawa da wannan.

A gaya wa majinyaci gaskiya, ko a ɓoye masa?

A ganina ɓoyewa ba ta cika yin amfani ba. Mutumin da ake kai wa gashi, sumarsa na zuba saboda kemo, ya san ba mura ke damunsa ba. Sai ya zama kowa na yi wa kowa kara, shi kuma ya rasa wanda zai gaya wa tsoronsa. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi iya abin da yake son sani. Wani yana son komai dalla-dalla, wani zai ce a yi magana da ɗansa ko matarsa. Duka biyun haƙƙinsa ne.

Ina mai jinya zai sami taimako?

A fara da asibitin da ake jinya. A tambayi ma'aikatan jinya na sashen kansa ko akwai jami'in jin daɗin marasa lafiya, ko ƙungiyar masu irin ciwon da ke haɗuwa, ko gidauniyar da ke rage kuɗin magani. Sau da yawa akwai, ba a dai faɗa sai an tambaya. Ranar ganin likita a je mutum biyu, ɗaya ya riƙe biro da takarda, domin wanda aka gaya wa mummunan labari ba ya riƙe rabin abin da aka ce. A tara duk sakamakon gwaji da hotuna a jaka ɗaya. Duk wani maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari da majinyaci ke sha, a sanar da likita, don wasu suna cin karo da kemo.

Masu zuwa dubiya su daina cewa "idan akwai abin da ake buƙata a faɗa." Su zaɓi aiki ɗaya su ɗauka: kai wa asibiti, kwana ɗaya a mako, ko kula da yara. Mai jinya shi ma mutum ne, idan bai samu barci ba shi zai kwanta.

Yaushe ne za a garzaya asibiti ba tare da jiran ranar da aka bayar ba?

Idan zazzaɓi ya kai maki 38 a ma'aunin Celsius alhali ana kan kemo, ko da tsakar dare ne, saboda garkuwar jiki ta yi ƙasa. Haka nan idan jinin tari ya yi yawa, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko fuska da wuya suka kumbura, ko majinyaci ya rikice ko ya yi farfaɗiya. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari shi ma na gaggawa ne, don yana iya nuna ƙarin ya danne lakar gadon baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya hana mutum sake takawa.