Waiwaye: Tsaunin Vítkov da kaburburan da suka jira masu su

Tun da aka sauke mutum-mutumin Marshal Konev, kwamandan sojan Tarayyar Soviet, a birnin Prague a watan Afrilun 2020, muhawara kan kayan tarihin zamanin kwaminisanci ba ta lafa ba a ƙasar Cek. Wasu na cewa a kawar da su baki ɗaya, wasu na cewa a bar su a yi wa 'yan baya bayani. Ginin tunawa na ƙasa da ke kan tsaunin Vítkov a Prague yana cikin wuraren da wannan tambaya ta fi shafa, kuma baƙi da yawa da zarar sun hangi girmansa da murtukewar fuskarsa sai su ɗauka 'yan kwaminis ne suka gina shi. Ba su ba ne. Tarar da shi suka yi.

Farkon labarin kowane ɗan makaranta a can ya san shi. A ranar 14 ga Yuli 1420, mabiya Jan Hus, malamin addinin Kirista da aka ƙona a 1415, suka fatattaki rundunar Sarki Sigismund a kan wannan tsauni ƙarƙashin jagorancin Jan Žižka. Bayan kafa Cekoslobakiya a 1918, aka yanke shawarar gina wurin karrama 'yan ƙasar da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunonin sa-kai a Rasha da Faransa da Italiya, waɗanda jininsu ya taimaka wajen samun 'yanci. Jan Zázvorka ne ya zana ginin, aka aza harsashi a 1928.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne shekarar 1938, kuma a ganina a nan zaren ya tsinke. An gama gini, an shimfiɗa marmara, an tanadi zauren kaburbura domin manyan sojojin sa-kai. Aka sa ranar buɗewa: 28 ga Oktoba, ranar cikar ƙasar shekara 20. Saura wata guda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Munich, wadda ta miƙa wa Jamus yankunan ƙasar na kan iyaka. Wa zai yi biki ana zaman makoki? Aka fasa. Kafin nan ma, shugaban ƙasa na farko, Tomáš Masaryk, ya rasu a 1937, kuma ba a kawo shi Vítkov ba, a ƙauyen Lány aka binne shi kusa da matarsa. A Maris 1939 sojojin Jamus suka shigo Prague, daga baya ginin ya koma rumbun ajiyar kayan soja. Bohumil Kafka, wanda ya shafe shekaru yana sassaƙa siffar Žižka bisa doki, ya rasu a 1942 bai ga an zuba ta da tagulla ba.

Ka duba me wannan ke nufi. Wurin tunawa ba dutse da siminti ke tsare shi ba, jama'a ne da suka saba zuwa. Da an binne sojojin nan a 1938, da matansu da 'ya'yansu sun riƙa hawa tsaunin da furanni shekara bayan shekara, da ginin ya samu masu shi, kuma da duk wanda zai taɓa shi sai ya yi tunani sau biyu. Amma kaburbura ne aka gina, babu ko mutum ɗaya a ciki. Fiye da shekara goma gini na tsaye ba wanda ya taɓa zubar da hawaye a zaurensa. Gidan da ba kowa kuwa, duk wanda ya zo da makulli shi ne mai gida.

Saura ya biyo baya da sauri. Mulki ya koma hannun 'yan kwaminis a 1948, sunan sojojin sa-kai ya dushe. A 1950 aka ƙaddamar da mutum-mutumin Žižka, tsayinsa mita 9, nauyinsa tan 16 da rabi. Aka fara ajiye tokar gawawwakin manyan jam'iyya a zauren da aka yi wa wasu. Da shugaban ƙasa ɗan kwaminis Klement Gottwald ya rasu a Maris 1953, aka shafe gawarsa da magunguna aka ajiye cikin gilashi don jama'a su gani, har 1962 da aka ƙona ta. A 1990, bayan faɗuwar mulkin kwaminis, aka kwashe tokar duka aka kai maƙabartar Olšany. Gidan Tarihi na Ƙasa ya karɓi ginin, aka gyara, aka sake buɗewa a 2009.

Ranar da na hau tsaunin ta ɓangaren unguwar Žižkov, na tarar da masu gudun motsa jiki da iyaye mata suna tura jarirai a keke a gaban dokin. A ciki, yawancin maziyarta ƙasa suke nufa, ɗakin da ake kula da gawar Gottwald, mai bangon tayil da allon maɓallai da agogunan auna sanyi. Na fahimci abin da ke jan su, ni ma na sauka. Amma abin ya dame ni, ganin shekara tara na wannan ɗaki sun rufe dalilin da ya sa aka yi ginin tun asali.

A waje, ƙarƙashin dokin, akwai kabarin sojan da ba a san sunansa ba. A 1949 aka kawo wanda ya faɗi a fafatawar Dukla ta Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 2010 aka kawo ƙasusuwan wani da ya faɗi a Zborov a 1917, ɗaya daga cikin sojojin sa-kai, shekara 72 bayan ranar buɗewar da aka fasa. Na daɗe a tsaye a wurin, kuma a duk tsawon tsayuwata mutum biyu ne suka tsaya karanta rubutun.