Murar Yara a Gida: Wa Ke Kawo Ta, Wa Take Kayarwa?

Da hunturu ya sauka Gusau ko Ƙaura Namoda, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da wuya ka yi sallama gidan da ba ka ji tari ba.

Sanyi ne ke sa mura, ko ɗauka ake yi?

Ɗauka ake yi. Ƙwayar bairos ce da ke fita da atishawa da tari, ta kuma maƙale a hannu. Hunturu dai yana yi mata hanya: ƙura ta busar da hanci, sannan a rufe taga a kwana cunkushe ɗaki ɗaya.

Me ya sa kusan kullum daga yaro take farawa?

Jikinsa bai gama sanin waɗannan ƙwayoyi ba, shi ya sa ƙaramin yaro kan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, babba kuwa sau 2 ko 3. Ku dubi wuninsa kuma. Da safe boko, da la'asar Islamiyya, kafaɗa da kafaɗa a tabarma, moɗa ɗaya a bakin randa, majina kuma da bayan hannu ake share ta. In murar mai zazzaɓi ce, wato infuluwenza, yana iya fara yaɗa ta kwana guda kafin a ga alama, ya kuma wuce mako yana yaɗawa.

Wa ya fi shan wuya in ta shigo?

Jariri, sai kaka da mai asma. Akwai bairos da likitoci ke kira RSV, wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. A jikin ɗan firamare majina ce kawai, ko wasa ba ta hana shi. A jikin jaririn wata biyu kuwa takan toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu. Sau da yawa yayan nan da ya ajiye jaka ya ruga ya sumbaci ƙaninsa shi ne ya kawo ta, don tsabar so.

To a raba su kenan?

Ba sai an kore shi ba. Ya wanke hannu da sabulu in ya dawo, ya haƙura da sumba da goyo har ya warke. Uwa ta ci gaba da ba da nono zalla har wata 6, ta nisanta jariri daga hayaƙin murhu. Kada kuma a tsallake allurar ƙyanda ta wata 9, don ita ma ta iska take bi.

Amosilin na kemis fa?

Ba ya kashe bairos. Asarar kuɗi ce, in ba likita ne ya rubuta ba.

Yaushe za a tafi asibiti?

A ƙirga numfashin yaron da ke mura na minti ɗaya yana kwance lafiya lau ba ya kuka. In ya kai 60 a ƙasa da wata 2, ko 50 daga wata 2 zuwa shekara, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5, a tafi. Haka in ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki, ko ya ƙi kama nono, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2 ya yi zazzaɓi, ko da tsakar dare ne kada a jira gari ya waye.