Lambar ORCID: abin da ya sa mujallun bincike ke neman ta

Malamin da ke koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, in ya zo tura maƙalarsa ga mujallar bincike ta intanet, galibi zai ci karo da gurbin da ke neman lambar ORCID. Wasu mujallun ma ba sa barinka ka wuce sai ka cike shi.

Lamba ce mai alƙaluma 16, an kasa su huɗu-huɗu, wani lokaci harafin X ne ke rufe ta. Wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ta fara ba da ita a watan Oktoban 2012, kuma kyauta ce. Aikin lambar irin na NIN ne, wato lambar shaidar ɗan ƙasa: ta bambanta ka da takwarorinka.

Mu kuwa nan takwarori ba sa ƙirguwa. Mutum ɗaya ya rubuta Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, a digirinsa kuma Muhammadu. Wani ya ƙara sunan garinsu, Ringim ko Kazaure, gobe ya cire. Malama ta fara wallafa da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma na maigida. Mujalla kuma ta taƙaita komai zuwa harafi biyu. Sai ranar neman ƙarin girma a tarar rumbun bayanai ya raba aikin mutum gida uku, ko ya jingina shi ga wani. Shi ya sa a 2016 manyan mawallafa irin su Royal Society ta Ingila da PLOS suka fara wajabta lambar. Da zarar an wallafa maƙala, in ka ba da izini, sai ta shiga shafinka na ORCID da kanta.

Amma kada a ɗauke ta shaidar inganci. Mujallun cin kuɗi, masu buga komai muddin ka biya, su ma suna neman ta.

Lamba ɗaya ake buɗewa har abada. Ka haɗa ta da imel ɗinka na kanka, ba na makaranta kaɗai ba, don in ka sauya wurin aiki na makarantar rufewa yake.